Ragon da Aka Yanka Kafin Layya

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin ƙuruciyata a Ƙanƙara, na ba ku na aurena da zuwana 'Yankara, amma shekarar da kakarku Hakama ta shigo gidanmu kullum sai in tsallake ta. To yanzu manyan da suka ga abin da idonsu duk sun kwanta dama, saura ni, kuma ina jin yadda ake juya maganar a bakin dangi. Wasu su ce wata tsohuwa ce mahaifinku ya tsinto a hanya don neman lada, wasu su ce mai taɓin hankali ce muka rufa wa asiri. Ba ko ɗaya. Ku ji daga bakin wadda taɓarya ke hannunta a ranar.

Shekarar nan ba ta yi nisa da farin da ya kashe shanu ba. Mun fito daga yunwa sai muka faɗa cikin kuɗi, har mutane suka rasa yadda za su yi da kansu. Ana cewa fetur ne aka haƙo a kudu. Mu dai abin da muka gani shi ne jinka tana sauka kwano yana hawa, kowane zaure da rediyo, yaran da jiya ke kiwon awaki yau sun dawo daga Kaduna da agogo a hannu da wando mai faɗin ƙafa. Manyan motoci suna wucewa ta 'Yankara ɗauke da siminti, su tsaya su kwashi samari zuwa leburancin gini, har ta kai in kana neman mai yi maka noma sai ka haɗa da lallashi. Mahaifinku yana sayen auduga da hatsi a kasuwarmu da ta Sabuwa, Allah kuwa ya buɗa mashi, a shekarar ya biya kujerar Makka. An yi mashi allura, an ɗauki hoto, akwatin ƙarfenshi yana ɗakina na cika shi da dakakken yaji da kuka da garin kunu. Gari duk an fara ce mashi Alhaji tun bai taka jirgi ba.

Abin da na sani game da asalinshi shi ne abin da ya faɗa wa mahaifina ranar da ya zo neman aurena: maraya ne daga ƙasar Zazzau, iyayenshi sun rasu yana ƙarami, wani malami ya riƙe shi. Mahaifina malami ne mai taka-tsantsan, ya bincika halin mutumin ya samu ba shi da abin zargi, ya ba shi ni. Da na tambayi sunan mahaifiyarshi ya ce Amina. Tun daga nan kowace Juma'a sai na toya waina na raba wa yaran unguwa, sadaka ga Amina, Allah ya kai haske kabarinta. Da na haifi 'yar fari ya sa mata sunan, shi ya sa ba mai kiran babbar yayarku sai da Uwani.

Abu ɗaya ne ya zo da shi daga wancan zaman nashi, wata dahuwar rago. Muna amare ya shigo madafi da kanshi, ina ta jin kunya kada maƙwabta su leƙo su ga namiji a bakin murhu, ya nuna mani yadda ake jera nama a tukunyar ƙasa a liƙe bakinta da yumɓu, a bar ta bisa garwashi tun hantsi har rana ta sunkuya, a daka gwaza da dankali a ci da romon. Ya ce a gidan malaminshi ya gani. Sau ɗaya muke yi a shekara, bayan Babbar Salla, kuma ranar ba ya yawan magana.

Ana saura kwanaki kaɗan maniyyata su tashi, kaka ta yi, dankali ya cika kasuwa, Yaya Ashiru ya zo daga Ƙanƙara don yi wa Malam, wato mahaifinku, sallama. Yaya shi ne babba a ɗakinmu, shi ya gaji zauren mahaifinmu da littattafanshi, kuma maganarshi ita ce magana a wurinmu. Ya kwana a zaure. Da safe bayan an dawo masallaci, Malam ya tsaya a bakin turke yana duban ragon da muka yi wata da watanni muna turkawa da dusa da harawa.

"A yanka shi yau," in ji shi.

"Malam, ragon layya? Kai za ka tafi, ni da yara me za mu yanka ranar Salla?"

"Za a samo wani. Ki yi mashi dahuwar tukunya. Ki bar shi ya yi laushi ƙwarai, yadda wanda ba shi da haƙori ko ɗaya zai ci ya ƙoshi."

"Wa ke gare mu marar haƙori?"

"Ina da baƙo," ya ce, bai dube ni ba.

Ya yanka, ya feɗe, ya sa babbar rigarshi ta shadda, ya shiga wata a-kori-kura da ya ɗauko haya suka nufi hanyar Sabuwa. Ni a zuciyata na ce malamin nan ne da ya riƙe shi, ashe yana raye, zai ɗauko shi ya sa mashi albarka kafin tafiya. Har daɗi na ji. Na ce yau zan ga wani nashi.

Don haka na zage na yi aikin da zuciya ɗaya. Na ware karfata da wuya da haƙarƙari da ƙwauri, waɗanda ke da ƙashi da jijiya, don su ne ke jure doguwar wuta, cinya kuwa na ajiye ta don suya. Na shimfiɗa kitse a gindin tukunya, na jera ƙasusuwan ɓargo a kai, sannan tsoka. Na daka citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa, na marmasa daddawa, na yanka albasa mai yawa har idona ya yi ja, na barbaɗa tsakanin kowane jeri. Ruwa kaɗan ake sawa, abin da bai wuce ƙaramin ƙoƙo ba, don naman da albasar su ne za su kawo nasu. Na kifa kasko a baki, na kwaɓa yumɓu na bi gefen na liƙe ruf, ban bar ko ƙofar allura ba. Itacen kirya na ƙona ya zama garwashi, na janye harshen wutar, na ɗora tukunya, na tura toka mai zafi a gindinta. Daga nan aikin ya zama na kunne. Kina zaune kina feraye gwaza kina saurare, in kika ji tana tafasa da ƙarfi ki janye garwashi, in kika ji ta yi shiru ki ƙara. Abin da ake so shi ne ɗan gunaguni kamar na tsoho mai barci. Kafin azahar ƙamshi ya fara ratsa yumɓun ya cika gida, har Yaya ya aiko daga zaure yana tambaya ko walima ce ba a gaya mashi ba.

An yi azahar, na ɗora gwaza da dankali a wata tukunya, sai na ji tsayuwar mota. Na gyara ɗankwalina, na sa Uwani ta shimfiɗa sabuwar tabarma a gindin durumin tsakar gida. Malam ya shigo, Yaya Ashiru yana bayanshi, a tsakaninsu kuwa ba malami ba ne. Wata 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, baƙin saƙi ɗaure a ƙirji, kafaɗu a waje, kai ba ɗankwali sai furfura gajeriya, fuska cike da tsage. Ƙullin tsumma a hannu ɗaya, a hammata kuwa kaza ce ja, an ɗaure ƙafafunta. Kallo ɗaya na yi mata na san Bamagujiya ce, irin waɗanda ke zaune a dajin Sabuwa suna noma suna bin al'adar kakanni. Na ɗauka ko hanya ce ya rage mata.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Mahaifinku, da rigar shaddarshi, ya durƙusa a kan ƙasa a gaban tsohuwar nan, ba bisa tabarma ba. Ya ce da muryar da ban san shi da ita ba:

"Malam Ashiru, Hajara, wannan ita ce mahaifiyata."

Wuƙar feraye tana hannuna, ban san lokacin da ta faɗi ba. Na ji kamar an ɗauke sautin duniya, ina ganin bakin kazar yana buɗewa amma ba na jin kukanta.

"Wace mahaifiya?" na ce.

"Wadda ta haife ni."

"Amina?"

Tsohuwar ta juyo ta dube ni, ta dube shi. "Wace ce Amina?" ta ce. Sai ta ƙara, "Nomau, wagga ita ce matar taka?"

Nomau. Mutumin da ko liman ba ya kiranshi sai da Malam Haruna, mutumin da ni ban taɓa furta sunanshi ba, ga wata tana kiranshi da sunan da ban taɓa ji ba, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ita ce, Inna." Uwani tana tsaye riƙe da buta, ta kai shekarun da za ta gane. Na ce ta kwashe ƙannenta su shiga ɗaki.

A durƙushen ya faɗi komai, bai ɗaga kai ba. Ba a Zazzau aka haife shi ba, a wata unguwar Maguzawa ce cikin dajin Sabuwa, tafiyar da ba ta kai yini ba daga inda muke zaune. Yana saurayi ya bi wani fatake mai sayen auduga, ya musulunta a hannunshi, ya yi karatu. Da ya koma gida ubanshi ya kore shi. Da ya shigo gari ya ga yadda ake yi wa tubabbe kallon ƙasa-ƙasa, ba mai ba shi 'ya, sai ya ce shi maraya ne. Ƙarya ɗaya ta haifi 'yan'uwanta. Ubanshi ya mutu bai je ba. Sai a makon nan, wajen bitar maniyyata a Faskari, wani malami ya ce duk wanda zai tafi ɗakin Allah ya nemi yafiyar iyayenshi tukuna, ko da ba su salla, don haƙƙin nono ba ya faɗuwa. Ya ce tun ranar abinci bai zauna mashi ba. Da ya je yau ya iske unguwar ta watse, samari duk sun bi motocin siminti, matansu sun bi su, ɗan ƙanenta da ke ba ta hatsi shi ma ya tafi tun bazara. Ita kaɗai ya samu a cikin kangaye, da kazar nan.

"Ka hwaɗi ta kasuwa," in ji tsohuwar. Muryarta ba fushi, kamar mai tuna wa yaro saƙo. "Ba ka hwaɗi ta kasuwa ba."

Sai ta faɗa da kanta, ni take kallo.

"Shekarar yunwa na kai daddawa kasuwar Sabuwa. Na gan shi zaune bisa buhu, ana auna mashi dawa. Na san ɗana ko cikin dubu. Na matsa na ce Nomau. Ya dube ni kamar yadda ake duban kututture, ya ce ma yaronshi a ba tsohuwa sadaka."

Wallahi 'ya'yana, wannan ita ce ta kayar da ni. Na zauna a ƙasa daɓas. A shekarar yunwar nan rumbunanmu cike suke, ni da hannuna na riƙa auna wa maƙwabta. Ina toya waina ina rabawa don matar da ba a taɓa haifa ba, wadda ta haife shi kuwa tana bayan dutse tana cin ganyen tafasa. Na dubi mutumin da na haifa wa 'ya'ya biyar, na nemi fuskar da na sani na rasa.

Yaya Ashiru bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce, "Haruna, ko Nomau, ko wane ne kai. Mahaifinmu ya tambaye ka asalinka a zaurenshi, Alƙur'ani yana buɗe a gabanshi, ka yi mashi ƙarya, ya mutu da ita. Da ka faɗi gaskiya, ko ya ba ka ko ya hana ka, wannan nashi ne. Kai ka ƙwace mashi zaɓi." Ya juyo gare ni. "Hajara, ɗauko mayafinki. Motar da ta kawo su tana waje, ita za ta kai mu Ƙanƙara. Sauran magana a gaban alƙali."

Ƙaurin gwaza na ji, ruwanta ya ƙone. Na tashi kamar wadda ake ja da igiya na shiga madafi na sauke tukunyar. Na tsaya a nan ina kallon turmi. Ba zan ɓoye maku ba, har da ƙyama a cikin abin da na ji. An tashe mu a kan cewa waɗannan mutane ba a cin abinci da su, ga shi jininta ne ke yawo a jikin 'ya'yana.

Sai inuwa ta rufe ƙofa. Tsohuwar ce, ta ajiye kazarta a bakin randa, ta biyo ƙamshi. Ta shigo ba sallama, ta tsuguna a gaban murhu, ta kai kunne kusa da tukunyar naman, ta shafa yumɓun da ya bushe da yatsa.

"Wa ya koya maki liƙi?"

"Shi," na ce.

"Kin sa kimba?"

"Na sa."

Ta dubi tukunyar. Sannan ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Haka nike yi ma ubanshi in an gama girbi. Shina zaune nan gefena, shi ke kwaɓa mani yumɓu. Ashe ya ɗauko tukunya, mai tukunyar ce ya bari."

Na juye gwaza da dankali gaba ɗaya zan zuba a turmi, sai ta riƙe mani hannu. Tafinta kamar ɓawon itace.

"A'a, ɗiyata. Gwaza tukuna, da zahinta, ita ɗai. In kin haɗa su gudaji za ta yi. Sai ta kama jikinta kina saka dankali ɗaya-ɗaya."

Duk shekarun nan ina fama da gudajin nan, na ɗauka haka abin yake. Na yi yadda ta ce. Ina daka tana jefa dankali, tana tsoma hannu a ruwa tana juya mani, ta ce in kawo man shanu, ta ce gishiri kaɗan don romon zai kawo nashi. Gwazar ta yi danƙo, dankalin ya sassauta ta, abin ya haɗe ya yi santsi yana sheƙi. Muna cikin haka Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Hajara, direba yana jira."

"Yaya, abinci na bisa wuta."

"Ba abinci na tambaye ki ba."

Na tsayar da taɓarya. Na dubi tsohuwar, tana tsugune hannunta cikin turmi, ƙasusuwan bayanta ana iya ƙirga su. Abin da ya zo mani a rai ba Malam ba ne, shi a lokacin ko ganinshi ba na son yi. Na ce in na tafi, wa zai ba matar nan ruwan wanka? Wa zai san ta ci ko ba ta ci ba? Ɗan da ya kau da kai a kasuwa, ko yaran da suka ɓuya a ɗaki suna tsoronta? Sau ɗaya an bar ta, kuma a gidan nan aka ci amfanin barin, har da ni, ko da ban sani ba.

"Yaya, ka yi haƙuri," na ce. "Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ba zan fita in bar ta ba."

"Saboda shi?"

"Saboda ita."

"Kin san abin da za a ce da 'ya'yanki a Ƙanƙara? Kin san wa zai zo neman Uwani bayan yau?"

"Na sani."

Ya ce, "To kin zaɓa." Na ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce ba zai ci a gidan da aka yaudari ubanshi ba. Na ji tashin motar ina riƙe da taɓarya, hawaye suna zuba cikin wuyan rigata, tsohuwar kuwa ta ci gaba da juya dakan.

Bayan la'asar na fasa liƙin da bayan wuƙa. Tururi ya tashi, naman ya yi duhu ya saki ƙashi, albasar ta narke ta zama romo mai kauri, mai yana yawo a sama. Ko cokali ba ya so, da ka taɓa sai ya rabe. Na zuba dakan a akushi, na yi rami a tsakiya, na kwarara romo, na ɗora wuya da ɓargo. Malam ya karɓa da hannu biyu ya kai gabanta ya durƙusa. Ta kau da kai. Ya ce, "Inna, ki ci, ki yafe mani." Ta ce:

"Yahiya kake so don ka hau jirgi. In na ce na yahe, jibi ka tahi, ka dawo da haƙorin zinari, an gama da ni. A'a, Nomau. Ba a yini ɗaya ka bar ni ba."

Ta miƙo mani hannu. Na ɗauki akushin daga gabanshi na ajiye a gabanta, sannan ta ci. Tana murza naman da dasashi, romo yana bin haɓarta, ta ci kamar wadda ta daɗe ba ta ga maiƙo ba. Ta tsotse ɓargon, ta jefa wa kazarta ɗan dakan. Ni na zauna gefenta na sa hannu a akushi ɗaya da ita, ina jin idon Uwani ta labule. Malam yana nan inda yake, bai ci ba, ba wanda ya ce ya ci.

Ranar da maniyyata suka tashi zuwa Kano, gari ya fita rakiya da kiɗa da guɗa, mahaifinku ya fasa tafiya, yana can ƙuryar gida yana yi wa uwarshi jinkar ɗaki, don ta ce ba ta iya barci ƙarƙashin kwano. Da kanshi ya buɗe akwatin ƙarfen ya mayar mani da yajina. Ranar Juma'a ya tashi a masallaci ya faɗi ko shi ɗan wane ne, kafin wani ya faɗa mashi. Wasu suka ce ya yi jarunta, wasu suka janye. Wanda ke tsayawa kusa da shi a sahun gaba ya koma can gefe. 'Yan kasuwa suka laƙa mashi Alhajin Sabuwa, in ya wuce a yi dariya ƙasa-ƙasa. Gidan da suka fara aiko da goro don Uwani suka yi shiru, ba su ƙara waiwayo ba, yarinyar ta yi kuka har ta rame. Ni kuwa Ƙanƙara ta rufe mani ƙofa. Aka yi bikin ƙanwata ba a aiko ba, a bakin masu kai tallan goro na ji. Yaya Ashiru bai sake taka gidana ba sai da furfura ta cika mana kai mu duka.

A cikin gida kuwa na daina yi wa Malam magana sai ta dole. In kai mashi abinci, in ɗauke kwano, in ya ce sannu in ce yauwa. Wainar Juma'a na daina toyawa, ko tanda ba na son gani. Kwanakina a ɗakin tsohuwa suke. Ta koya wa yara tatsuniyoyin da ni ban sani ba, ta gyara mani daddawa, ta yi faɗa da ni kan ina ɓarnar itace. Kuna yawan tambaya ko ta yi salla. A gabana ba ta yi ba. In na tayar da kabbara takan yi shiru ta hana yara hayaniya har in sallame. Abin da ke tsakaninta da Mahaliccinta ban sani ba, kuma kada wani ya ƙara mani abin da ban faɗa ba. Kullum da safe Malam yakan durƙusa a ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa a gajarce, ya tashi. Haka rani ya wuce, aka yi shuka, aka yi noman farko.

Dawa ta fara fitar da kai ciwo ya kwantar da ita. Ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya haɗiyar komai sai romo da ɗan dakan dankali. Wata rana da hantsi ina shafa mata man shanu a baya, kwana kaɗan kafin ta rasu, ta ce:

"Hajara, tahi ki ce mashi na yahe."

"Inna, bari in kira shi ki faɗa mashi da bakinki."

"A'a. In na gan shi bakina ba shi buɗuwa. Ke kika ciyar da ni, ke za ki kai."

Yana garkar bayan gida yana yi wa barkono ciyawa, rigar aiki a jikinshi duk ta jiƙe. Na tsaya a bakin darni na ce, "Malam." Ya ɗago da sauri, don ya daɗe bai ji na fara kiranshi ba. Na ce, "Inna ta ce ta yafe maka."

Fartanyar ta suɓuce. Ya zauna a kan kunyar barkono ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunshi suna girgiza, babban mutum yana kuka kamar yaron da aka yaye. Na tsaya har ya lafa. Ya share ido da gefen riga, ya dube ni daga ƙasa.

"Ke fa, Hajara?"

"Ni da saura," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Ina nan." Ya ɗauki fartanyarshi, ni kuma na koma na ƙarasa shafa mata man.